RA'AYINMU: Kiristan Nguru da Gashuwa, Ina Bimbinin Asuba?

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru a 1930, jirgin da ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu zuwa Kudu shi ne ya riƙa dawowa da ma'aikata da 'yan kasuwa Kirista. Waɗansu suka zarce Gashuwa, bakin kogin Yobe, suka yi zamansu. Yau ga malaman makaranta, ga ma'aikatan asibiti, ga kuma ɗaliban jami'ar tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013.

To, amma kowa ya san abin da ya faru. Bayan harin Damaturu na ran 4 ga Nuwamba 2011, Kirista da yawa suka bar Jihar Yobe, taron dare ya gagara, zuwa sujadar Lahadi ma ya zama sai mai ƙarfin hali. An samu sauƙi yanzu, mun gode Allah. Sai dai waɗancan shekarun sun tona wani asiri: mutumin da duk ibadarsa ta rataya ga bencin coci da lasifika, ranar da aka rufe ƙofar, ba shi da abin riƙewa. Tsoro da ƙullin zuciya su ke cike gurbin.

Maganin kuwa tsoho ne, bimbini, ba ya kuma cin ko kwabo. Wato mutum ya tashi kafin gari ya waye, ya ɗauki aya ɗaya tak, ya karanta a hankali sau biyu ko uku, sa'an nan ya rufe littafin ya yi shiru, yana juya ta a zuci, yana auna ta da halinsa na jiya: mudun da ya tauye, maganar da ya yaɓa wa matarsa. Minti 15 ya isa. Ai Linjilar Markus ta nuna Yesu kansa ya fita da asuba zuwa wurin da ba kowa don ya yi addu'a. Littafi Mai Tsarki na nan da Hausa tun 1932, ga kuma Abincin Yini ga mai son jagora. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ya karanta masa.

Kai, ko maƙwabta ma sun isa darasi. Nguru garin Shehu Gibrima ne, inda almajiran Tijjaniyya ba su wasa da lazimin safe da na yamma, ko ana cikin hada-hadar kasuwa. In maƙwabcinka ya tashi Asuba, kai ma an tashe ka.

Amma fa a lura. A wannan yanki da ciwon koda ya addabi jama'a, kada wani ya ce bimbini ya maye gurbin likita. Aikinsa shi ne ya kwantar da hankali har mutum ya iya zuwa gwaji ya ji sakamako, kada ya kwashi kuɗin magani ya kai wa masu sayar da mu'ujiza.

Muna kira ga fastoci da shugabannin Zumuntar Mata a garuruwan nan biyu su ware ko da minti 10 cikin sujadar Lahadi mai zuwa, a ajiye ganga da makirufo, a koya wa jama'a yadda ake yinsa.