Kifin da ya soka kai a rufin gida

A unguwar Headington ta tsohon birnin Oxford a Ingila, akwai mutum-mutumin kifin shak mai tsawon ƙafa 25 da ya soka kai cikin rufin wani gida, jela a sama. Mai gidan na lokacin, Bill Heine, ya kafa shi ranar 9 ga Agusta 1986, ranar tunawa da bam ɗin Nagasaki. Majalisar birni ta yi ta neman tuge shi, sai a 1992 gwamnati ta ce a bar shi. Abin dariya, a 2022 majalisar nan ta sa shi cikin kayan tarihi, ɗan Heine yana cewa bai yarda ba. Ni ina bayan ɗan: kifin da aka kafa don bijire wa hukuma bai kamata ya zama abin adonta ba.