Idan Girka za ka je hutu, ka nufi tsibirin Chios



A 'yan shekarun nan, duk wanda Allah ya hore wa a cikinmu ya tashi kai iyalinsa hutu ƙasar Girka, suna ɗaya za ka ji a bakinsa, wato Santorini. Fararen gidajen nan masu shuɗin rufi sun cika wayoyin 'ya'yanmu, har ango da amarya ba su jin sun fita sai sun ɗauki hoto a can. Ban ce wurin ba shi da kyau ba. Amma shawarata ga ɗan uwan da zai kashe guminsa ita ce ya duba wani tsibiri da ba a cika ambata ba, mai suna Chios, wanda Girkawa ke furtawa kamar "Hiyos". Ina ganin ya fi dacewa da mu, kuma ga dalilaina.

Na farko shi ne cunkoso da tsada. Mazauna Santorini ba su kai dubu 20 ba, amma baƙin da ke shiga cikinsa a shekara sun haura miliyan uku. Abin ya kai gwamnatin Girka ta sa harajin yuro 20 a kan kowane fasinjan manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido da ya sauka can ko a Mykonos a tsakiyar lokacin zafi. Wanda ya baro cunkoson Legas ko na Fatakwal don ya huta, me zai kai shi bin layi a ƙarƙashin rana don ɗaukar hoto? Chios shi ne na biyar a girma cikin tsibiran Girka, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 800, mutanensa kuma kimanin dubu 50 ne. Akwai wurin sakewa. Kuma da yake mutanen tsibirin suna da noma da aikin jiragen ruwa, ba a kan baƙo kaɗai suka dogara ba, don haka za ka tarar da gari yana harkarsa kamar kullum.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi jan hankalina, wato ƙaro. A kudancin tsibirin akwai ƙauyuka 24 da suka shekara ɗaruruwa suna rayuwa a kan wani ƙaro mai ƙamshi da ake kira mastika. Larabawa sun san shi sarai, suna sa shi a kayan zaƙi da turaren wuta, ana kuma tauna shi kamar cingam. Su Turkawa ma sunan da suka ba tsibirin, Sakız, ma'anarsa ƙaro ke nan. Itaciyar tana fitowa a ƙasashe da dama na gefen tekun Bahar Rum, amma a wannan yanki na kudancin Chios ne ake noman ƙaronta ana sayar wa duniya.

Aikin nasa na haƙuri ne. Da farkon lokacin zafi manomi zai share gindin itaciyar, ya daidaita ƙasar, ya barbaɗa farar ƙasa don abin da zai ɗiga ya sauka a wuri mai tsabta. Daga watan Yuli zuwa farkon Oktoba sai a riƙa yi wa bawon itaciyar ƙananan tsaga, ƙaron ya riƙa ɗigowa kamar hawaye, ya bushe a ƙasa. Bayan an tsince, sai a shafe watannin sanyi ana wankewa ana kankare ƙwaya ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙa, kuma galibi mata ne ke wannan aiki a ƙofar gida. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a a jerin al'adun da duniya ta gada.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne yadda suka tsara cinikin. Tun 1938 manoman suke ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, kuma ta hannunta ake tattara ƙaron, a tace shi, a sarrafa, a sayar. Daga cikinsa suke yin cingam da mai da man goge baki da sabulu, da sunan tsibirinsu a jikin kowane kwali. Mu ma Allah ya ba mu ƙaro a Yobe da Borno da Jigawa, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da ake lissafawa da shi tare da Sudan da Chadi. Sai dai mafi yawan namu ɗanye yake fita a buhu, mai tsinta ya sami ɗan abin da ya samu, ribar ta tafi wurin wanda ya tace a waje. Akwai gidan tarihin mastika kusa da ƙauyen Pyrgi, wanda aka buɗe a 2016, inda ake nuna aikin daga gona har zuwa masana'anta. Duk shugaban ƙungiya ko dillalin kayan gona da ya yi wuni ɗaya a wurin, ina da yaƙinin zai koma gida da tunanin da ya fi tsarabar hoto. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su sun gane haka tuntuni.

Dalili na uku, gine-ginen. Wanda ya taɓa ganin tsofaffin gidajen Zariya ko Kano masu zane a fuskar bango, idan ya shiga Pyrgi zai ji kamar ya san wurin. Ana yaɓe bango da yashi mai duhu, a shafa farar ƙasa a kai, sannan a kankare wasu sassa, sai zane baƙi da fari ya fito, mai kusurwa uku da da'ira da layi-layi, tun daga ƙasa har ƙarƙashin baranda. Can gaba kaɗan akwai Mesta, ƙauyen da aka gina gidajensa manne da juna har bayansu ya zama ganuwa, saboda tsoron 'yan fashin teku. Lungunansa ƙanana ne, wasu a rufe ta sama, mota ba ta shiga cikinsu. A kudu da babban garin kuma akwai yankin Kampos, inda lambunan lemo ke ɓoye a bayan dogayen katangu na dutse, da manyan gidaje tun zamanin mutanen Genoa na Italiya, waɗanda suka riƙe tsibirin daga 1346 zuwa 1566.

Na huɗu shi ne tarihi, kuma yana da ɗaci da zaƙi. Daular Usmaniyya ta mulki Chios daga 1566 har zuwa 1912. A babban garin har yanzu masallacin Mecidiye yana tsaye da hasumiyarsa, ko da yake an mayar da shi gidan tarihi. A cikin tsohuwar ganuwar garin akwai maƙabartar Turkawa da gidan wanka irin nasu. Amma kuma a 1822, lokacin yaƙin neman 'yancin Girka, sojojin Usmaniyya sun kashe dubban mutanen tsibirin, suka kwashi wasu dubbai bayi. Mutanen Chios ba su manta ba, kuma a tsohon gidan ibada na Nea Moni, wanda aka gina a ƙarni na 11, an adana ƙasusuwan wasu daga cikin waɗanda aka kashe. Ya kamata Musulmi ya san wannan kafin ya je, ya shiga wuraren da ladabi, ya kuma nuna wa 'ya'yansa abin da zalunci ke bari a zukatan mutane ko bayan shekara 200.

To, akwai abubuwan da ba zan ɓoye ba. Kada mutum ya sa ran jin kiran salla, ya tafi da dardumarsa, ya san alƙiblarsa. Naman alade ya yi yawa a tsiren Girkawa da abincinsu na kan hanya, don haka a yi tambaya kafin a ci, kuma kifi da ganye da wake da cuku sun wadatar. Akwai kuma giya da ake yi da mastika, sai a kula da kwalbar da za a saya a matsayin tsaraba. Motocin haya zuwa ƙauyuka ba su da yawa, gara a ɗauki hayar mota. Bakin teku kuwa Turai ce, shigar mutane ba irin tamu ba ce. Sai dai tsibirin yana da ƙananan gaɓoɓi da yawa, irin su Mavra Volia mai baƙaƙen duwatsu, kuma a watan Satumba bayan an koma makaranta jama'a na raguwa, ga shi lokacin ana kan tsintar ƙaro.

Hanya ba ta da wuya. Daga birnin Atens jirgin sama ba ya cika awa ɗaya, jirgin ruwa daga tashar Piraeus kuma kwana ake yi a cikinsa. Tsakanin tsibirin da gaɓar Turkiyya kimanin kilomita bakwai ne, har ana hango garin Çeşme, amma tsallakawa sai da bizar Turkiyya daban. Ita bizar Girka ta Shengen ce, kuɗinta yuro 90 ga babba, ban da sauran caji. A nan ina roƙon matasanmu da su ji tsoron Allah, wanda ya karɓi bizar hutu ya dawo a kan lokaci. Duk wanda ya maƙale, ya ƙara wa na bayansa wahalar samu. Shi kansa Chios ya ga dubban 'yan gudun hijira da suka tsallako ta teku a 2015 da 2016, wasu kuma ruwa ya ci su a hanya. Bin wannan hanya ganganci ne da rai.

Na san wani zai ce ana fama da tsadar shinkafa da kuɗin makaranta, wa ke maganar Girka? Gaskiyarsa. Ban ce kowa ya ci bashi ba, kuma wanda bai sauke farali ba ya san inda kuɗinsa ya kamata su fara zuwa. Maganata da wanda ya riga ya yanke shawarar tafiya ne. Tun da za ka canza naira a wannan farashi, ka jure wahalar biza, ka yada zango a wata ƙasa kafin ka isa, to ka je inda yaranka za su ga manomi da gumi a goshi, kai kuma ka ga yadda ƙauyuka 24 suka haɗa kai suka riƙe farashin kayansu. Idan ka dawo, ka zo taron ƙungiya ka ba mu labari, ka kuma taho mana da ɗan ƙaron mu ɗanɗana.

Allah ya kai mai tafiya lafiya, ya dawo da shi lafiya, ya kuma hore wa wanda bai samu ba. Amin.