Tukunyarmu daga injin mota take, injin kuma zai tafi

A wata guda yara uku sun ɓace daga ajina, duka ƴan aji shida. Da na bi sawu, sai na tarar da su da buhu a kafaɗa suna tsintar gwangwani da tarkacen gareji, suna kai wa masu zubin tukwane. Uban ɗayansu ya ce da ni: "Mushe, boko sai an jira, tukunya kuwa kullum ana saye." Ban raina maganarsa ba, amma ban yarda da ita ba.

Tukunyar alminiyom da ke kan murhu daga Illela har Konni, rabin tarihinta a cikin mota yake. Duk maƙerin da ya san aikinsa zai gaya maka fistan da kan inji da kwanson giya sun fi gwangwani daɗin zubi. Dalili shi ne an gauraya su da silikon mai yawa, shi ke sa narkakken ƙarfen ya bi kowane lungu na yashin zubi. Gwangwani da kwanon jikin mota ba haka suke ba, idan sun yi yawa tukunya takan fito da ƙofofi. Maƙeri ya san wannan da ido da hannu. Mu malamai muna koyar da cewa alminiyom na narkewa a digiri 660, amma ba mu taɓa taka ƙafa maƙera da yara ba. Wannan laifinmu ne.

To motar lantarki ba ta da fistan, ba ta da kan inji. Alminiyom ɗinta ma ya fi yawa, sai dai iri ne daban: falle-falle, da akwatin batir, an liƙe da gam, an ɗinke da ƙusoshin baƙin ƙarfe. A 2020 kamfanin Tesla ya fara zuba bayan motarsa Model Y da wata ƙatuwar na'ura, abin da a da guntaye kusan 70 ne ake haɗawa. Irin wannan zubi ba ya son datti. A ƙasashen da ke ƙera mota, inji ne ya daɗe yana shanye gaurayayyen tarkace. Idan injin ya ragu, kamfanoni za su riƙe mai tsabta, tunda sake narkarwa ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 100 na makamashin da sabo ke ci. Mai dattin fa? Kowa ya san inda tsofaffin kayan Turai ke ƙarewa.

Na san abin da za a ce: garin da wuta ke ɗaukewa, wa zai hau motar lantarki? Gaskiya ne, Hilux ba gobe za ta bar hanyar Badagishiri ba. Amma mu ba mu ƙera mota, ragowar wasu muke saye ta tashar jirgin ruwa. A 2023 Tarayyar Turai ta sa 2035 a matsayin shekarar daina sayar da sababbin motoci masu hayaƙi, ko da yake suna ta ja-in-ja a kai. Habasha kuwa, nan Afirka, ta hana shigo da motocin fetur da gas tun 2024. Yaron da ke shekara 12 yau, lokacin da zai gaji maƙera, abin da ke cikin bola ya sake.

Kuma ko yanzu ba lafiya lau ba. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru ya nuna dalma na fita daga jikinsu ta shiga abinci. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san dalma ba abin wasa ba ce. Batirin motar lantarki kuma yakan ɗauki volt 400, idan aka huda shi yana kamawa da wutar da bokitin ruwa ba ya kashewa. Gargaɗin yana nan rubuce a jikinsa, da Turanci ko Sinanci da alamomi. Wa zai karanta, idan mun cire yaron daga aji shida?

Ban ce a bar ƙira ba. Na ce wa uban nan ya bar min yaron da safe, ya je maƙera Asabar da Lahadi, in ya gama a nema masa CFM. Ya ce zai yi shawara. Ranar Litinin benci na uku babu kowa, ni kuma na zo aji da tsohon fistan da gwangwanin lemo, na ajiye su kan tebur na ce yara su gaya min wanne maƙeri zai fi saye da tsada.