Tauraro Daban, Duniya Daban

A shekarar 2017 masana ilmin taurari suka ba da sanarwar gano duniyoyi 7 masu duwatsu, kowace kusan girman tamu, suna kewaya wani ƙaramin tauraro mai suna TRAPPIST-1. Haskensa kan yi shekara wajen 40 kafin ya iso nan. An gane su ne saboda hasken tauraron kan ɗan dushe duk sa'ad da ɗayarsu ta gitta gabansa.

To, yaya za a bayyana wa manomin rake na Maƙarfi ko Kudan wannan labari? Bahaushe na kiran Zara, matar wata, tauraruwa, alhali kuwa duniya ce mai duwatsu, hasken rana take ara. Muddin kalma ɗaya ce ke ɗauke da mai wuta da mai aron haske, ɗan firamare a Ikara zai tashi cikin ruɗami.

Lalle wannan aikin Sashen Hausa ne. A zauna da dattawan da ke lissafin damina da Kaza da 'Ya'yanta, a tattara sunayen da suka sani, sa'an nan a tsayar da kalmomi. Da tsohuwar zuma ake magani.