Ɗigon Gumi da Darajar Shiru a Fim

Na fara kallon fim ɗin Mission: Impossible ne a wani gidan kallo da ke Katabu, a bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya. Duk wanda ya san irin waɗannan wurare ya san ba a raba su da surutu: wannan yana yi wa jarumi kirari, wancan yana faɗa wa na kusa da shi abin da zai faru. Amma da aka iso inda Tom Cruise ya sauka da igiya cikin ɗakin sirri na hukumar leƙen asirin Amurka, wato CIA, sai wurin ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar janareta. Galibinmu ba ma jin Turanci sosai, amma babu wanda ya nemi fassara.

Brian De Palma, wanda ya ba da umarnin fim ɗin a 1996, ya fara da sanar da mai kallo dokokin ɗakin: ƙara kaɗan za ta tayar da ƙararrawa, haka ƙaruwar zafi, haka duk abin da ya taɓa daɓe. Daga nan sai ya janye kiɗa. Jarumin, mai suna Ethan Hunt, yana reto a sama yana kwafar sunayen 'yan leƙen asiri daga kwamfuta, abokin aikinsa Krieger kuma yana riƙe da igiyar daga ramin iska. Ɓera ya tunkaro Krieger, igiya ta suɓuce, Hunt ya faɗo har saura ƙiris ya taɓa ƙasa. Sai gumi ya taru a gilashin idonsa, ya ɗigo, ya tare shi da tafin hannu. Ba a harba bindiga ko sau ɗaya ba, amma a nan ne numfashi ya ɗauke.

Dabarar tsohuwa ce. Alfred Hitchcock ya bambanta ba-zata da jan rai: ba-zata na razana mai kallo na ɗan lokaci, jan rai kuwa yana samuwa ne idan an sanar da shi haɗarin tun farko, aka bar shi yana jira. Jules Dassin ma, a fim ɗin Rififi na 1955, ya nuna sata ta kusan rabin awa ba magana ba kiɗa. Bahaushe bai baƙunci wannan ba. Gwanar mai tatsuniya takan dakata daidai lokacin da Gizo ya shiga hannun Kura, ta bar yara su ƙagu, domin ta san cewa shiru ma magana ce.

Abin da nake jan hankalin manazarta a kai shi ne, nazarin fina-finan Hausa ya fi karkata ga jigo, harshe, waƙa da tasirin fina-finan Indiya, fagen da Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka yi aiki mai daraja a cikinsa. Ba kasafai muke tambayar yadda hoto kaɗai ke riƙe zuciya ba. A yawancin fina-finanmu, baki ne ke sanar da tsoro, kiɗa kuma ya jaddada shi. Masu fassara fina-finan waje zuwa Hausa su ma sukan cike kowane gurbi da sharhi da barkwanci, har su kashe abin da darakta ya gina.

Za a iya cewa Kannywood ba ta da kuɗin Hollywood. Gaskiya ne, sai dai abin da ya kama mu a Katabu igiya ce da ɓera da ɗigon gumi, kuma ba tsadarsu ce ta kama mu ba. Tsari ne, da amincewa cewa mai kallo zai fahimta ba sai an faɗa masa ba. Ya dace sassan koyar da Hausa a jami'o'inmu su sanya irin wannan fitowa a darasin adabi da fim, ɗalibai su warware ta daƙiƙa bayan daƙiƙa, sa'annan su nemi takwarorinta a fina-finan gida.