Siri Lanka a Watan Maris: Kudu Na Cin Kasuwa, Gabas Na Jira

Duk wanda zai je Siri Lanka a watan Maris, damina ce za ta zaɓa masa hanya. Tsibirin damina biyu gare shi: ta arewa maso gabas tana ɗaukewa wajen Fabrairu, ta kudu maso yamma kuwa sai Mayu take sauka. Shi ya sa baƙi ke tururuwa zuwa Galle da Mirissa, inda teku ke kwance a wannan lokaci.

Zaɓin ya wuce batun hutu. Ƙasar da ta kasa biyan basussukanta na waje a 2022, har ta karɓi lamunin kusan dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a Maris 2023, kallon kuɗin shiga take yi wa kowane baƙo. Sama da miliyan 2 suka shigo a 2024. Sai dai kudu ke kwashe romon. Gabas, wadda yaƙin basasar da ya ƙare a 2009 ya ɗaiɗaita, ba ta fara ganin baƙi sosai sai wajen Mayu.

Ɗan kasuwa kuwa, a ganina, Beruwala ta fi dacewa da shi: kasuwar duwatsu masu daraja ce da Musulmi suka daɗe suna riƙe da ita, kimanin kilomita 60 kudu da Kolombo.