Kwanan daji: a Ingila kotu ake zuwa a kansa, a Zurmi da Shinkafi gudun rai ne

A watan Mayun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a wata shari'a da in ka ba mutumin Zurmi labarinta zai ce wasa kake. Wani attajiri mai fili a Dartmoor, wani daji a kudu maso yammacin Ingila, ya nemi a hana mutane kafa tanti su kwana a filinsa ba da izininsa ba. Kotu ta ce a'a, jama'a na da wannan 'yancin. Wato a can, mutum ya bar katifarsa da wutar lantarki ya je ya kwana cikin sanyi don nishaɗi, abu ne da ake ɗaukar lauya a kansa. Irin bidiyon da matasanmu ke kallo a TikTok ke nan, wani ya hura wuta a bakin rafi yana dafa shayi, a yi ta rubuta masa "Allah ya kai mu".

To ai mu ba baƙin kwanan daji ba ne. Duba sunayen ƙauyukanmu, nawa ne suka fara da Tunga? Da yawansu wuri ne da manomi ya kafa bukka don gonarsa ta yi nisa da gari, yau da gobe har ya zama mazauni. Da an gama girbi samari kan shiga farauta da karnuka su yi kwanaki ba su dawo ba. Bafulatani na mashekarinsa, mai cin zuma na bin kogon itace, mata na tsintar magarya da aduwa da tsamiya. A nan yaro ke koyon inda ruwa ke kwanciya da rani, da sawun da ake bi da wanda ake kauce wa. Babban dajin da ke gabas da Zurmi, wanda ya haɗe da Rugu ta ɓangaren Katsina, tun zamanin Turawa aka keɓe shi, amma da ƙauyuka a cikinsa irin su Dumburum, mutane na noma suna kiwo.

Yau in aka ce Dumburum ko Sububu ko Fakai, ba kiwo ke zuwa ran kowa ba. Masu kwana a daji yanzu iri uku ne: ɗan bindiga, da wanda ya sato, da kuma ɗan ƙauyen da ya ji ƙishin-ƙishin za a shigo, ya kwashi mata da yara bayan Isha'i suka je suka kwanta a cikin sabara, don gida ya fi daji haɗari. Su kam babu tanti. Tabarma ce in an samu, ga sauro, ga maciji, ga uwa na toshe bakin jariri kada kukansa ya tona asiri.

Wanda ya ce zai shiga don neman halal kuwa, tsakiya ake saka shi. Gonar nesa sai an biya haraji, kamar yadda Bello Turji ya ɗora wa mutanen Moriki na miliyoyin naira a 2024. Makiyayin da bai taɓa riƙe bindiga ba, ɓarayi su kore shanunsa, 'yan sa-kai su zarge shi. Daga sama ma ba a tsira ba: a Janairun 2025 jirgin yaƙi ya kashe mutanen gari da suka bi sawun 'yan bindiga a Tungar Kara, yankin Zurmi da Maradun.

Gwamnati ta gwada abubuwa. A Satumban 2021 gwamnatin Matawalle ta sa an katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. A Satumban shekarar sojoji suka kashe Halilu Sububu. Ba a raina wannan ba. Amma gaskiya kusan duk salon ɗaya ne: a shiga da rana, a yi ruwan wuta, a dawo gari kafin magariba. Shi kuwa ɗan bindiga a can yake kwana, a can yake girki, a can yake aure. Daji na hannun wanda ke kwana a cikinsa, shi ya sa ko an kashe kachalla ɗaya, yaransa ke gaje wurin.

A watan da aka yi waccan shari'ar ta Ingila, Shugaba Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji. Tambayar da ta dace matasan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su yi wa wakilansu ita ce, su wa za a ɗauka, kuma ina za su kwana? In jerin sunaye ne daga ofishin jam'iyya, a ba su kaki su zauna a shingen bakin titi suna karɓar na goro, an ɓata kuɗi. Aikin na ɗan mafarauci ne da ɗan makiyayi, a tantance su, a haɗa su runduna guda, da albashi a kan lokaci da sansani na dindindin a ciki, sojoji na mara musu baya.

Kuma abin na da gaggawa. Yaron da aka haifa a 2011, lokacin da wannan fitina ta fara kamari, yanzu saurayi ne, kuma in a gari ya tashi wataƙila bai taɓa kwana ɗaya a daji da son ransa ba. Dattawan da suka san mashaya da burtali da tsofaffin hanyoyin Dumburum suna ta raguwa, wasu na gudun hijira a Ƙaura da Gusau, kuma babu wanda ke zama da su ya tambaye su.